SIR NORMAN GREGG (1892–1966): LIKITAN IDO DA YA SAURARI IYAYE MATA

A farkon shekarar 1941, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, waɗansu mata biyu suna zaune a ɗakin jira na wani likitan ido. Abu ɗaya ne ya kawo su: kowacce ta haifi jariri da farar yana a tsakiyar idonsa, irin yanar da aka saba gani a idon tsofaffi. Da jira ya yi tsawo, hira ta shiga tsakaninsu. Ɗaya ta ambaci cewa ta yi ƙyandar Jamus sa'ad da cikinta yake ƙarami. Ɗayar ta ce ita ma haka. A wancan zamani babu likitan da yake ɗaukar wannan 'yar cuta da muhimmanci, gama zazzaɓi ne na kwana biyu ko uku da ƙuraje, sai ta wuce. Amma likitan nan ya ji hirar, bai kuwa bar ta ta faɗi ƙasa ba.

Sunan likitan Norman McAlister Gregg. Abin da ya gano daga wannan magana ya sāke yadda duniya take kallon mace mai ciki da ɗan da ke cikinta, ya kuma ɗauke wa iyalai masu yawa nauyin zargin da ba su cancanta ba. Tarihinsa ya dace iyalin Kirista su san shi.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Norman Gregg ran 7 ga Maris 1892 a unguwar Burwood ta birnin Sidni. Mahaifinsa James Gregg dillalin gwanjo ne, sunan mahaifiyarsa Mary. Ya yi karatu a makarantar Homebush Grammar, daga nan ya wuce Sydney Grammar, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun birnin. Tun yana yaro aka san shi da kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki. Da ya shiga Jami'ar Sidni domin koyon aikin likita, ya yi fice a aji, ya kuma yi fice a filin wasa. Ya wakilci jiharsa ta New South Wales a wasan kurket da wasan tanis, har waɗanda suka san shi suna ganin da yaƙi bai ɓarke ba, da ya wakilci ƙasarsa a tanis. A 1915 ya gama jami'a da sakamako mafi daraja.

Wannan shekara kuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya yana kan ci. Matashin likitan bai tsaya buɗe wurin aiki ba. Ya tafi Ingila, ya shiga rundunar likitocin sojan Birtaniya, aka tura shi fagen fama a Faransa. A can ya yi aiki a cikin ramukan yaƙi, inda taɓo da jini da ƙarar igwa suka zama abin yau da kullum. Ya shaƙi iska mai guba wadda ake harbawa a wannan yaƙi. A 1918 aka ba shi lambar jaruntaka ta soja saboda yadda ya shiga neman waɗanda aka raunata yana ɗaure musu miki alhali ana luguden wuta. Ya fito daga yaƙin da rai, yana ɗan shekara 26, ya riga ya ga wahalar ɗan Adam fiye da abin da mutane da yawa suke gani a tsawon rayuwarsu.

Likitan Ido a Sidni

Bayan yaƙi ya yi aiki na ɗan lokaci a Asibitin Royal Prince Alfred a Sidni, sa'an nan ya koma Ingila domin ƙwarewa a aikin ido. Ya yi horo a asibitin ido na Moorfields a Landan da wani asibitin ido a Birmingham, ya sami takardar ƙwarewa a 1922. A 1923 ya dawo gida, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a titin Macquarie, inda manyan likitocin birnin suke. A watan Oktoba na wannan shekara aka ɗaura aurensa da Haidée Margaret Carson a majami'ar Presbiteriyan ta St Stephen. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu.

Daga 1925 ya zama likitan ido na Asibitin Yara na Royal Alexandra, aikin da ya riƙe shekaru masu yawa. Abokan aikinsa sun shaide shi mutum ne dogo, mai kuzari, mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, wanda ba ya haƙuri da aikin ganganci. Amma a gaban yara da iyayensu wani mutum ne dabam. Yakan ajiye gwangwanin biskit domin ƙananan majinyata. Yakan zauna ya tambayi uwa labarin gida, da yadda ciki ya kasance, da yadda haihuwa ta zo, ya kuma jira ta gama magana. Wannan hali ba a rubuta shi a takardar shaida, amma shi ne ya zama mabuɗin aikinsa mafi girma. Har ya kai shekara 48 bai zama mai bincike ba, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, bai rubuta wani abin da ya yi suna ba. Likita ne mai yawan aiki, kamar sauran.

'Yar Cutar da Aka Raina

Cutar da likitoci suke kira rubela ta sami sunan ƙyandar Jamus domin likitocin Jamus ne suka fara bayyana ta a ƙarni na 18. Ba ita ce ƙyandar da aka sani ba, wato baƙon dauro mai kwantar da yara har ya kashe. Ƙwayar cutarsu dabam ce. Rubela takan zo da ɗan zazzaɓi, da kaluluwa a bayan kunne da ƙeya, da jajayen ƙuraje ƙanana waɗanda sukan fara daga fuska su ɓace cikin kwana uku. A manyan mata takan jawo ciwon gaɓoɓi na ɗan lokaci. Mutane da yawa ma sukan kamu ba tare da wata alama ba. Tari da atishawa ne suke yaɗa ta.

A 1940, shekara guda bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, an tara dubban samari daga birane da ƙauyukan Ostareliya a sansanonin horon soja. Ƙasar tana nesa da sauran duniya, saboda haka cutar takan yi shekaru ba ta zaga ba, yawancin matasa kuwa ba su taɓa yin ta ba. A cikin cunkoson sansani ta kama kamar wutar daji. Sojoji suka riƙa zuwa gida hutu, suna kai wa matansu da 'yan'uwansu mata ba da saninsu ba. Annobar ta yi ƙarfi a tsakiyar shekarar, ta wuce, kowa ya manta da ita.

Ya kamata a san abin da masana suka gaskata a lokacin. Koyarwar makarantun likita ita ce, idan an haifi yaro da naƙasa, daga jini ne, wato gādo daga uwa ko uba. An ɗauka mabiyiya katanga ce wadda take tsare ɗan tayi daga kusan duk abin da ya sami uwa. Sakamakon wannan koyarwa mai ɗaci ne. Iyalin da suka haifi makaho ko kurma sukan shiga binciken zuriyar juna, dangin miji suna duban dangin mata, dangin mata suna duban na miji. Waɗansu sukan ji tsoron sāke haihuwa. Waɗansu sukan ɓoye yaron.

Jarirai 78

Daga ƙarshen 1940 zuwa farkon 1941, Gregg ya lura ana kawo masa jarirai masu yanar ido fiye da yadda ya saba gani. Ba yawan kaɗai ne ya dame shi ba, kamannin yanar ma baƙo ne. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garau mai tattara haske. Yana ita ce dusashewar wannan madubi. A jariran nan, tsakiyar madubin ne ya yi fari fat, gefensa kuwa da sauran haske. Yawancinsu idanu biyu ne suka kamu. Jariran ƙanana ne, ba sa kama nono da kyau, da yawa kuma suna da ciwon zuciya tun daga haihuwa.

Gregg ya yi tunani a kan abin da ya sani game da yadda ido yake ginuwa a ciki. Tsakiyar madubin ido shi ne yake fara samuwa, a makonnin farko na ciki, sauran kuma ya riƙa ƙaruwa a kansa kamar ɓawon albasa. Tun da tsakiyar ce ta lalace, ashe ɓarnar ta faru tun da wuri. Zuciya ma a waɗannan makonni take ginuwa. Gādo ba ya zuwa wa iyalai masu yawa waɗanda ba su haɗa jini ba a lokaci guda. Lalle akwai abin da ya sami matan nan duka a wata ɗaya ko biyu. Yana cikin wannan tunani ne hirar matan nan biyu ta shiga kunnensa.

Ya lissafa baya daga ranakun haihuwa, sai ya ga farkon cikin ya faɗa daidai lokacin da annobar ta fi ƙarfi. Ya koma ya tambayi iyayen jariran da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya rubuta wa likitocin ido a sauran jihohin ƙasar, ya roƙe su su duba nasu majinyatan, su kuma tambayi iyaye mata wannan tambaya. Aka tara labarin jarirai 78, daga ciki 13 nasa ne. A cikin 78 ɗin, iyaye mata 68 sun tabbatar sun yi ƙyandar Jamus, kusan dukansu a watan farko ko na biyu na ciki, waɗansu tun ba su san suna da ciki ba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A nan karin maganar ta cika har a zahiri.

Ran 15 ga Oktoba 1941, a taron ƙungiyar likitocin ido ta Ostareliya a birnin Melbon, Gregg ya gabatar da takardarsa a kan yanar ido ta haihuwa bayan uwa ta yi ƙyandar Jamus. Ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla, bai ƙara gishiri ba. Ya ba da shawara biyu. Ta farko, a yi wa jariran aiki da wuri, domin ya lura waɗanda aka jinkirta musu idanunsu sukan fara rawa, ganinsu kuma ba ya dawowa sosai ko bayan an cire yanar. Ta biyu, a yi iyakar ƙoƙari a tsare mace mai ƙaramin ciki daga kamuwa da cutar. Ya kuma yi gargaɗi cewa mai yiwuwa waɗansu lahani su bayyana yayin da yaran suke girma.

Gargaɗin bai daɗe ba ya tabbata, kuma iyaye mata ne suka sāke kawo labarin. Da jaridun Sidni suka buga rahoton, waɗansu mata suka buga masa waya suka ce su ma sun yi cutar da ciki, idanun 'ya'yansu lafiya, amma yaran ba sa ji. A 1943 Dokta Charles Swan da abokan aikinsa a birnin Adeled suka buga nasu binciken, wanda ya gaskata na Gregg, ya kuma nuna kurumta tana cikin manyan lahanin cutar. Tun daga nan aka san alamu uku da suke tafiya tare: yanar ido, ciwon zuciya, da kurumta.

Shekarun Shakka

A Ostareliya likitoci sun karɓi maganar da sauri, gama sun ga yaran da idonsu. A ƙetare kuwa ba haka ba. Duniya tana cikin yaƙi, mujallar da ta buga takardar ƙarama ce, marubucin kuma likitan ido ne daga ƙarshen duniya wanda ba a san shi da bincike ba. A 1944 babbar mujallar likitoci ta Landan mai suna Lancet ta rubuta cewa hujjar ba ta isa ba. Masu shakka suna da tambayoyi biyu masu nauyi. Ta yaya za a dogara ga abin da mace ta tuna bayan wata tara ko fiye? In kuma gaskiya ne, me ya sa likitocin duniya duka ba su lura ba cikin shekaru fiye da ɗari?

Tambayoyin ba na wauta ba ne, Gregg kuwa bai ɗauke su a matsayin zagi ba. Bai shiga cacar baki ba. Ya ci gaba da duba yaran, yana tara bayanai, ya buga rahoto na biyu, ya bar wa lokaci sauran. Ba da daɗewa ba rahotanni irin nasa suka fara fitowa daga Amurka da Ingila. A 1951 wani likita masanin lissafi a Sidni, Oliver Lancaster, ya amsa tambaya ta biyu ta hanyar da ba wanda ya zata. Ya buɗe tsofaffin littattafan ƙidayar jama'ar Ostareliya na 1911 da 1921 da 1933, ya ga kurame sun yi yawa ƙwarai a cikin waɗanda aka haifa wajen 1899, wato bayan wata annobar rubela da aka yi a ƙasar. Ashe cutar ta daɗe tana ɓarna, ba a dai haɗa uwa da ɗa a lissafi ba. Gaskiya dokin ƙarfe ce. Bayan shekara goma, maganar matan nan biyu ta zama koyarwar makarantun likita a duniya.

Ƙofar da ya buɗe ta wuce rubela. Tun da aka gane mabiyiya ba katanga ba ce, masana suka fara tambaya ko mene ne kuma yake ƙetarawa daga uwa zuwa ɗa. A 1961 aka gano wani maganin barci da tashin zuciya mai suna talidomaid, wanda aka riƙa ba mata masu ciki, shi ne ya sa aka haifi dubban yara da gajerun hannuwa da ƙafafu. Gargaɗin da ake yi wa mata a wurin awon ciki a yau, cewa kada su sha magani sai da izinin ma'aikacin lafiya, daga wannan hanya ya fito.

Binciken ya zo da nasa nauyin kuma. Shekaru kusan talatin an san haɗarin, amma babu rigakafi. Macen da ta ga ƙuraje a jikinta a wata na biyu takan shiga watanni na fargaba, a ƙasashe da dama kuma likitoci sukan ba da shawarar zubar da cikin. Wannan ya jefa iyalai masu tsoron Allah cikin gwaji mai tsanani. A 1967 likitocin asibitin yara na Sidni suka nemo mutum 50 daga cikin yaran da aka haifa bayan annobar 1940, lokacin suna da shekara 25. Kusan dukansu kurame ne, da yawa suna da matsalar ido, amma mafi yawansu suna da aikin yi, waɗansu sun yi aure sun haifi 'ya'ya lafiyayyu. Rayuwarsu ta shaida cewa naƙasa ba ta share darajar da Mahalicci ya ba mutum.

Girma da Tawali'u

Da duniya ta yarda, lambobin yabo suka biyo baya. A 1953 aka ba shi lambar girma ta masarautar Ingila, ya zama Sir Norman Gregg. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin ido ta ƙasarsa, ya koyar a Jami'ar Sidni, ya taimaka wajen kafa cibiyoyin binciken cututtukan ido da na yara. Daga 1959 har rasuwarsa shi ne shugaban hukumar Asibitin Yara na Royal Alexandra. A wannan matsayi ya tsaya a sassauta dokar ziyara, wadda a dā take hana iyaye ganin 'ya'yansu da ke kwance sai a ƙayyadaddun sa'o'i. Mutumin da ya koyi babban darasinsa daga bakin iyaye mata bai ga dalilin da za a tsare su a bakin ƙofa ba.

A ƙarshen rayuwarsa wani farfesa daga Italiya ya rubuto masa yana neman bayanan aikinsa domin a gabatar da sunansa ga masu ba da kyautar Nobel. Amsarsa ta nuna halinsa. Ya bayyana mamakinsa cewa an ma tuna da shi, ya kuma sanar da farfesan cewa ban da takardunsa a kan rubela ba shi da wani rubutu na kirki, domin aikin majinyata bai bar masa lokaci ba. Bai sami kyautar ba, babu kuma alamar abin ya dame shi.

Ya rayu har ya ji labarin cewa a 1962 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka sun ware ƙwayar cutar a ɗakin gwaji. Ya rayu kuma har ya ji mummunan labarin annobar 1964 zuwa 1965 a Amurka, inda aka ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi sun kamu, aka haifi jarirai wajen 20,000 da lahanin da ya bayyana. Sir Norman Gregg ya rasu a gidansa a Woollahra, Sidni, ran 27 ga Yuli 1966, yana da shekara 74. Kamar Musa a kan dutsen Nebo, ya hango ƙasar amma bai taka ta ba. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1969, aka ba da izinin allurar rigakafin rubela ta farko.

Abin da Ya Biyo Baya

Ostareliya ta fara yi wa 'yan mata 'yan makaranta allurar a 1971, daga baya aka haɗa ta da ta ƙyanda ana yi wa yara duka, maza da mata, domin a katse yaɗuwar cutar daga tushe. A 2015 aka bayyana nahiyar Amurka ta rabu da rubela. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ostareliya ma ta rabu da ita, shekara 77 bayan taron Melbon. A watan Oktoba 2025 Nijeriya ta ƙaddamar da babban gangamin allurar ƙyanda da rubela a haɗe, domin yara daga wata 9 zuwa shekara 14.

Ilimin yau ya ƙarfafa abin da Gregg ya gani. Idan mace ta kamu a makonnin farko na ciki, haɗarin cutar ta kai ga ɗan tayi yakan kai kashi 90 cikin 100. Bayan wata na biyar haɗarin ƙanƙane ne. Allura ɗaya tana ba fiye da mutum 95 cikin 100 kariya mai daɗewa. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, saboda haka kariyar uwa tana farawa tun tana yarinya, tana kuma dogara ga yaran gida da na maƙwabta, gama daga wurinsu cutar takan zo. Yaron da aka yi wa allura yau yana tsare ƙanensa da ba a haifa ba tukuna.

Shawararsa a kan yin aiki da wuri ita ma ta tabbata. Ƙwaƙwalwar jariri tana koyon gani ne a makonnin farko na rayuwa. In yana ta tare haske a wannan lokaci, ganin ba ya ginuwa yadda ya kamata. Shi ya sa a ƙasashe da yawa ake haska idon kowane jariri da 'yar fitila tun kafin a sallame shi daga asibiti, kuma likitocin ido suna so a cire yana mai kauri cikin makonni shida zuwa takwas na farko. Duk uwar da ta ga fari a tsakiyar idon jaririnta, ko ta ga idon yana rawa, ko jaririn ba ya bin fuskarta da kallo, kada ta jira ya girma, kada kuma a ɗiga masa nono ko ruwan ganye ko tozali. A kai shi wurin likitan ido nan da nan, domin farin ido a yaro wani lokaci alama ce ta ciwon daji mai neman rai.

Darasi ga Iyalin Kirista

A cikin Bisharar Yohanna sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, tambayarsu ta farko kuwa ita ce laifin wane ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji Yesu ya ƙi tambayar ɗungum, ya juya hankalinsu daga neman mai laifi zuwa aikin Allah da ya kamata a yi tun da sauran rana. Tambayar almajiran ba ta mutu ba. Har yanzu akwai gidajen da in an haifi makaho ko kurma, sai a fara raɗe-raɗin maita, ko baki, ko zunubin ɓoye, kuma yawanci a kan uwa maganar take sauka. Matan nan 68 ba su yi laifin kome ba. Zazzaɓin kwana uku ne ya same su, wataƙila daga miji ko ƙane da ya zo hutu. Ekklisiyar da ta san wannan ba za ta bar a wulakanta uwa a cikinta ba, za ta kuwa buɗe ƙofar makarantar Lahadi da ta boko ga yaron.

Darasi na biyu shi ne sauraro. A cikin Markus sura 10, taro ya tsawata wa Bartimawas makaho ya yi shiru, amma Yesu ya tsaya, ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da yake so. Wasiƙar Yakubu ma ta gargaɗi masu bi su yi hanzarin ji, su yi jinkirin magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ce take kwana da jariri, ita take fara ganin abin da ba daidai ba. Maigidan da matarsa ta ce idon yaro bai yi mata ba, da surukar da aka kawo wa irin wannan magana, da ma'aikacin asibitin mishan mai dogon layi a gabansa, da fasto, da shugabar zumuntar mata, kowannensu yana tsaye a inda Gregg ya tsaya a 1941. Yana iya cewa maganar mata ce, ya wuce. Yana iya tsayawa ya ji.

Darasi na uku shi ne aminci a ƙaramin abu. Gregg bai fita neman suna ba. Ya yi shekara 18 yana duba idanu ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya, yana rubutawa, har ranar da wannan hali ya haifi abin da ya tsare miliyoyin yara daga makanta da kurumta. Tarihi bai riƙe sunayen matan nan biyu ba, amma Allah ya san su, shi wanda Zabura 139 ta shaida yana ganin ɗan Adam tun ana saƙa shi a cikin uwarsa. Bari Ubangiji ya ba gidajen masu bi kunnuwan ji da zuciyar tausayi, ya kiyaye mata masu ciki da 'ya'yan da ke cikinsu, ya kuma ta da ma'aikatan lafiya masu aminci a cikin ekklisiyarsa. Amin.